Ɗaurin Danga a Shingen Kifi

Ni mutuniyar tudu ce. A ƙasar Kurfi aka yanke cibiyata, a nan na yi wayo, a nan na yi aure, a nan aka kai maigidana makwancinsa. Ruwan da na sani shi ne na rijiya da na sama. Kifi kuwa sai dai in gan shi baƙi ƙirin, a lanƙwashe a kan tsinke, a tiren mai talla ranar kasuwa. Sau ɗaya a shekara muke ganin mai rai. In damina ta yi nisa, akan sami 'yan ƙanana a kududdufin fadamar mahaifina, ba su fi ɗan yatsa ba. Mu tambayi manya daga ina suka zo, a ce mana tare da ruwan sama suka faɗo. Na yarda da haka ina yarinya, na yarda ina goyo, na yarda har furfura ta cika mani kai, don ban ga dalilin ƙaryata iyayena ba.

Daminar da zan ba da labarinta ba ta yi nisa ba. Jaririn da aka haifa a cikinta, bana aka yanka mashi allo. Ɗiyata ta fari, wadda ba na faɗin sunanta, tana aure a wani ƙauye can gefen Makera, kusa da ruwan Zobe, a gidan masunta. Ta haihu gab da faɗuwar ruwan shuka, haihuwa ta huɗu, ta kuwa zo mata da wahala. Aka yo waya aka ce in zo in yi mata wankan jego. Na ƙulle 'yan tsummokarana, babur ya kai ni Dutsin-Ma, wani babur ɗin ya ƙarasa da ni.

Manya uku na tarar a gidan. Ga mai jego. Ga mijinta, surukina, mutum mai sanyin magana, wanda tun da aka ɗaura auren ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, shi ma bai taɓa kallon nawa ba. In zai gaishe ni, tun daga bakin zaure yake tuɓe takalmi, ya durƙusa ya ce, "Inna, an tashi lafiya?" In juya fuska wajen bango in ce, "Lafiya lau, Malam." Iyakar maganarmu ke nan, kuma haka ya kamata. Ga kuma mahaifiyarsa, tsohuwa mai baki kamar aska, wadda nake kira Yaya don ta girme ni. Ita ke yin bandar kifin gidan.

Ranar da na iso ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "'Yar tudu, kin iso? To a wanke ƙafa, ba a shigo mana da ƙaiƙayin gero."

Na ce, "Yaya, ƙaiƙayi ai wanka ɗaya ke fid da shi. Ƙarnin nan naku fa?"

Ta ce, "Ƙarnin nan shi ya yi wa ɗiyarki wannan ƙiba. Zauna ki sha ruwa."

Ina da wani hali da na gada wurin mahaifina: ba na iya ganin danga da kafa in wuce. Yakan ce danga mai kafa ba danga ba ce, gayyatar akuya ce. Shi ya koya mani ɗauri. A jiƙa igiyar rama, a naɗa sau biyu, a gicciya, a cusa bakin ta ƙarƙashi, yadda duk abin da ya tura dangar ƙara matse ɗaurin zai yi. Kafin in cika mako a gidan, na gyara garken awaki, na gyara dangar bayan ɗaki, na gyara ta wurin wanka. Ba wanda ya sa ni, ba kuma wanda ya hana ni.

Amma hankalina ba a kan danga yake ba, yana kan mutanen nan da ruwansu. Mu a Kurfi in hadari ya taso, gona muke duba. Su kuwa rafi suke duba. Akwai wani rafi da ke bi ta bayan ƙauyen ya zuba a dam ɗin Zobe. Da rani yashi ne, sai 'yar ƙorama da ba ta wuce idon sawu. A cikinsa na ga maza sun duƙufa suna kafa turaku daga wannan gaɓa zuwa waccan, suna jera kara, suna yin shinge kamar za su killace gona. A jikin shingen suke cusa sankiya, wato wani dogon kwando mai ƙaramin baki, kifi ya shiga ba ya fita. Kowane gida da gurbinsa. Na surukina shi ne na can ƙasa, kusa da inda rafin ke haɗuwa da dam, kuma ashe shi ne gurbin da ya fi kowane albarka. Mahaifinsa ya bar mashi, da shi yake ciyar da gidan nan tun daga damina har kaka.

Na dami Yaya da tambaya. Kifi na barci? Yana jin magana? Me ya sa maza ke ɗiban ruwan rafi a tafin hannu suna shinshinawa? Ta ce suna jiran jan ruwa ne. In aka yi ruwa mai ƙarfi a gabas, rafi zai sauko ja wur kamar kunun kanwa, yana ƙanshin ƙasa. Da zarar ƙanshin nan ya isa dam, kifi sai ya taso, ya shigo rafi, ya yi ta hawa yana fuskantar ruwa.

Na ce, "Fuskantar ruwa? Kara in ya faɗa ruwa, bin ruwa yake. Ƙwarya bin ruwa take. Har mutum in ya faɗa, Allah ya kiyaye, bin ruwa yake. Shi kifi me ya kai shi faɗa da ruwa?"

Ta ce, "Unguwa za shi."

"Unguwa wurin wa?"

"In ya zo ki tambaye shi. Miƙo mani iccen nan."

Duk tambayoyin nan na yi su, amma wadda ta kamata in yi, ita ce ban yi ba.

Ana nan, ranar kasuwar Dutsin-Ma, mazan ƙauyen suka tafi sayen zaren koma da gishiri. Na ɗauki lauje na nufi bakin rafi don in yanko ganyen darbejiya na wankan mai jego. Sai ga ni tsaye a gaban shingen surukina. Aiki mai kyau, turaku a miƙe, kara a jere. Amma can wajen da ruwan ya fi zurfi, sai na ga kafa, faɗinta ya kai gaba guda. Na duba gaɓa, ga sawun shanu rututu inda makiyaya suka shayar. Na ɗaga kai na hango shingayen da ke sama, kowanne da tasa kafar, duk a gefe ɗaya. Na ce a raina, kai, shanun nan sun san layi, sun bi sun fasa wa bayin Allah aikinsu ɗaya bayan ɗaya.

Na tsaya ina shawara. In faɗa wa surukina? Da wane baki suruka za ta ce wa suruki aikinka da gyara? In faɗa wa Yaya, ta ce 'yar tudu ta zo koya wa masunta su? Ga hadari yana haɗuwa a gabas, baƙi kamar gindin tukunya. Na ce na wasu ba ruwana, amma wannan abincin jikokina ne zai zurare ta nan. Bari in rufa wa yaron nan asiri, ba sai kowa ya ji ba.

Ga ragowar turaku da kara a ajiye a gindin wata bishiya, ga rama a ƙuguna, don ba na rabuwa da ita. Na naɗe zane, na shiga, na kafa, na jera, na ɗaure. Ban fito ba sai da aka kira azahar. Na girgiza wurin da hannu biyu, ko motsi bai yi ba. Na koma gida da ganyena a ka, zuciyata fari tas.

Da la'asar ruwa ya ɓarke. Aka yi shi kamar da bakin ƙwarya, aka kwana ana yi.

Da hantsi ina tsakiyar yi wa mai jego wanka, ina tsoma ganye a tafasasshen ruwa ina fyaɗa mata, sai na ji hayaniya daga wajen rafi. Na ɗauka murna ce. Can sai ga Yaya ta shigo, ba ta yi mani ba'a ba, ba ta ko dube ni ba. Ta zauna a kan turmi ta riƙe kai.

Ɗiyata ta ce mata, "Iya, lafiya?"

Ta ce, "Ina lafiya? An rufe ƙofar uwa a shingenmu."

Na ce, "Ƙofar me?"

Sai a ranar na ji. Kifin da ke fara hawa da jan ruwa, iyaye ne, cikinsu cike da ƙwai. Saboda haka kowane shinge sai an bar mashi ƙofa a wajen zurfi har kwana bakwai, iyayen su wuce su je su zuba ƙwansu. Abin da ya kauce ya faɗa sankiya, rabon mai shinge ne. Abin da ya bi ƙofa, na Allah ne da na baɗi. Wanda duk ya rufe ƙofa kafin kwanakin su cika, ya ci amanar rafi, Sarkin Ruwa zai karɓe gurbinsa ya ba wani. Ga shi shingenmu shi ne na farko. Da aka rufe shi, ko ɗaya bai wuce ba. Kifi ya taru a bayansa yana dukan kara, waɗansu har sun mutu, masu shingen sama kuma sun wayi gari sankiyoyinsu wayam.

Yaya ta ce, "Sarkin Ruwa ya tambayi ɗana wa ya yi wannan aiki. Ya tsaya ya daɗe yana kallon ɗaurin, sannan ya ce shingensa ne, laifinsa ne. Na san ɗana, bai yi ba. Amma ya ƙi cewa komai."

Ganyen ya faɗi daga hannuna. Surukina ya ga ɗaurin. Kullum da safe yana ganin irinsa a garken awakinsa. Ya san hannun, ya kuma zaɓi ya rasa gadon ubansa da ya ambaci surukarsa a gaban maza.

Ɗiyata ta dube ni, ta dubi ramar da ke ƙuguna. Ita ma a gidan ɗaurin nan ta tashi. Ta kama bakin zanena ta ce a hankali, "Inna, ki zauna. Ya riga ya ɗauka. In kin je kin ƙara mashi kunya."

Na ce, "Kunya za ku dafa wa yaran nan da kaka?"

Na yafa mayafi na fita. Yaya ta biyo ni tana cewa, "Ke 'yar tudu, ina za ki?" Na ci gaba da tafiya, don na san in na tsaya zan koma.

Rafin da na bari jiya a idon sawu ya zama wani abu dabam, ja, mai ƙugi, ya kai ƙugun namiji. Bayan shingen kuwa ruwan tafasa yake. Ban taɓa ganin rai da yawa a wuri ɗaya haka ba. Tarwaɗa baƙaƙe masu gashin baki, wata kan wata, suna turo kai, suna komawa, suna sake turowa. Tsoro na cikina, kunya na cikina, amma wallahi sai da na tsaya na kalla.

Maza sun yi da'ira a gaɓa. Sarkin Ruwa na zaune a kan wani jirgin ruwa da aka kife, dattijo ne siriri mai farin gemu. Surukina na durƙushe gabansa. Wani daga cikin masu shingen sama yana ta ɗaga murya yana cewa doka doka ce, ba a yi ta don wani a bar wani ba.

Na yi sallama daga nesa na durƙusa. Duk suka juyo suka dube ni.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni na rufe."

Surukina ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa yashi. Ya ce, "Sarki, tsohuwa ce, tausayina take ji."

Ban dube shi ba, shi ma bai dube ni ba. Sarkin Ruwa ya dube mu duka biyu, ya shafa gemu. Ya ce, "Baiwar Allah, daga ina?"

"Daga Kurfi."

"A Kurfin da me kuke kama kifi?"

Yaya ta amsa daga bayana, "Da kuɗin gyaɗa, ranka ya daɗe." Waɗansu suka yi dariya, waɗansu suka gimtse.

Sarkin ya sa aka miƙo mani kara biyu da turke. Ya ce in ni ce, in ɗaura ya gani. Na zaro rama na tsoma a ruwa, na naɗa sau biyu, na gicciya, na cusa. Ya karɓa ya jujjuya, ya ja, ya sa ƙafa ya taka. Ya miƙa wa mai ɗaga muryar nan ya ce, "Kai, a cikinku wa ya iya wannan?" Mutumin ya duba ya mayar mashi.

Sarki ya ce, "To me ya sa?"

Na ce, "Na ga kafa, na ga sawun shanu. A garinmu wanda ya ga kafa a dangar ɗansa ya wuce, ba uwa ba ne."

"Ba ki ga sauran shingayen duk da ƙofa ba?"

"Na gani. Na ce shanun ne suka bi layi."

Nan fa dariya ta ɓarke, har da mai ɗaga murya. Ni ban yi ba. Sarkin ma bai yi ba, gemunsa kawai na ga yana motsi. Ya ce, "Da kin tambayi mai shingen."

Na ce, "Ranka ya daɗe, surukina ne."

Ya gyaɗa kai, don ya san wannan amsa ba ta da ƙari. Sannan ya ce dokar an yi ta ne don mai haɗama, ba don baƙon da bai sani ba, saboda haka gurbi na nan hannun mai shi. Amma iyayen kifi sun yi asarar kwana, maƙwabta sun yi asarar safiya. Ƙofar wannan shinge za ta zauna a buɗe kwana goma sha huɗu maimakon bakwai. Kifin da ya mutu a banda shi a raba wa gidajen sama, kada a sayar da ko ɗaya. Ya ce kuma hannun da ya ɗaura shi zai kwance.

Haka na shiga rafi ina da jikoki goma sha wani abu. Yaya ta riƙe ni ta dama, wata mata ta riƙe ni ta hagu, maza suka juya baya. Ruwan sanyi, yana tura ni kamar ɗan maraƙi. Ɗaurin ya sha ruwa ya ƙara matsewa, sai da na sa lauje. Da na zare karan farko, na biyu, na uku, sai na ji su. Suka bi ta jikin ƙafafuna, santsi, ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta tsaya, ba wadda ta waiwaya. Na ji wata babba ta goge ni da ciki, cikin nan tim kamar na mace a wata tara. Na ce, "Ki yafe ni, baiwar Allah, na tsare ki a hanya."

Yaya ta ce, "Da kifi kike magana?"

Na ce, "Ke kika ce in ya zo in tambaye shi."

Kwana goma sha huɗun nan sun yi wa gidan tsada, ban ɓoye ba. Lokacin da 'yan sari ke zuwa daga Dutsin-Ma da kwanduna a bayan babur suna cika su a gidajen maƙwabta, tandar bandar Yaya rabi take cika. Surukina bai canza gaisuwarsa ba ko da harafi ɗaya. Wannan ya fi mani zafi a kan a ce ya yi faɗa.

Ana saura kwana kaɗan mu yi arba'in, Yaya ta ce in ɗauko mayafi in raka ta unguwa. Muka bi gaɓar rafi muka yi ta hawa, muka wuce shingaye duka, muka wuce gonakin masara, har inda rafin ya baje a cikin wata fadama, ruwa iya ƙauri, ciyawa ta tsiro a ciki. Ta ce in tsuguna in buɗe ciyawar da hannu. Na buɗe. Sai ga su, baƙaƙe, sirara kamar tsinken tsintsiya, dubu a kan dubu, suna watsewa suna haɗuwa.

Ta ce, "Ga unguwar. Nan suke zuwa haihuwa. In ruwa ya fara ja da baya, 'ya'yan su bi rafi su gangara dam. Waɗanda suka makara su maƙale a kududdufi."

Na daɗe a tsugune. Na ce, "Mu an ce mana daga sama suke faɗowa."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce, "To ke da kika zo wa ɗiyarki jego, daga sama kika faɗo? Ba hanya kika biyo ba?"

Har yau ban san ta wace hanya kifi ke isa fadamar mahaifina ba. Na tambayi masu shekaru a Kurfi, wani ya ce akwai ƙoramar da ke haɗuwa da wata, wata kuma da wata. Ban bi na gani ba, ƙafa ta gaza. Ban kuma san wa ke gaya wa 'yar tarwaɗar da aka haifa a ciyawa hanyar komawa in ta girma ba. Sarkin Ruwa ma da na aika aka tambaye shi, cewa ya yi shi ma yana so ya sani.

Ranar da zan koma gida, an ɗaure mani kayana a babur, ɗiyata ta jawo ni gefe tana murmushi. Ta ce maigidan ya ce a gaya mani wata magana, shi ba zai iya ba. Babban ruwan da aka yi daren ranar da na rufe ƙofar ya kwance mashi ɗauri a wuri huɗu, na maƙwabta ma haka, amma nawa ko gezau. Yana roƙo, in ba damuwa, a nuna mashi yadda ake yi.

Na sauko da ƙafata daga babur. Na sa aka kawo kara da turke, na zauna a tsakar gida na juya wa zaure baya, na ce wa ɗiyata ta matso in koya mata. Na ɗaura a hankali, na kwance, na sake ɗaurawa, ina faɗin kowane naɗi da ƙarfi kamar mai magana da kurma. Ita ta iya tun tana yarinya. Amma ina jin numfashin mutum a cikin zaure, da ƙarar rama a kan kara.

Bana da jan ruwa ya sauko, Yaya ta sa aka kira ni a waya. Ta ce, "'Yar tudu, shingaye biyar duk ɗaurinki ne yanzu."

Na ce, "Ƙofar fa?"

Ta ce, "A buɗe take. Mun dai sa a duba mana hanyar Kurfi, kada ki zo."